Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ɗan mai gurmin da ya tambaye ni game da banjo

Assalamu alaikum, ƙanena.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Baba. Ranar da ka bugo waya cikin shirinmu na tsofaffin faya-fayai lokaci ya riga ya ƙure, shi ya sa na ce zan ba ka amsa a rubuce. Ga waɗanda ba su ji shirin ba: na sa waƙar Eagles mai suna "Take It Easy", ka ce ka ji wani abu a cikinta yana ƙara kamar gurmin mahaifinka. Na ce banjo ne, kuma tushensa Afirka ta Yamma. Sai ka ce to in namu ne, me ya sa duk waƙar da nake sawa Bature ne ke riƙe da shi, kuma waɗanne waƙoƙi za ka nema don ka ji shi sosai?

Kunnenka bai yaudare ka ba. Ɗauki gurmin Baba ka duba: ƙoƙon duma, an ɗame fata a bakinsa, an soka masa sanda, tsirkiya ta hau kan ɗan icen da ke zaune bisa fatar. Banjo ma haka yake, kaya kawai aka canja masa. Na farko-farko duma ne da fatar dabba. Na yau kewayen katako ne da ƙarfe, fatar kuma yawanci ta roba ce. Amma aikin bai canja ba, fata ce ke fitar da sauti, ba akwatin katako irin na jita ba. Shi ya sa yake fita da ƙarfi, tas, ya mutu nan take. Mai jita zai taɓa tsirkiya ɗaya ya ƙyale ta tana kuka. Mai banjo ba shi da wannan gata, dole yatsunsa su yi ta zuba ba tsayawa. Wannan zubar ce 'yan rock, wato makaɗan zamani masu jitar lantarki da ganguna, suka gani suka yi sha'awa.

Mu fara da waƙar da ta jawo maganar. "Take It Easy" ta fito a 1972, ita ce waƙar farko da Eagles suka saki, Jackson Browne da Glenn Frey suka rubuta ta. Duk ƙamshin hamadar Arizona da ke jikinta, a Landan aka ɗauke ta, a hannun Glyn Johns. Bernie Leadon ne mai banjo, kuma Johns ne ya sa shi ya ninka saurin kiɗansa a kan na sauran. Ka sake saurara da kyau: ganguna ba su ƙara gudu ba, murya na tafiyarta a hankali, amma da banjo ya shigo a ƙarƙashi sai ka ji kamar motar ta ƙara wuta. Leadon ya bar ƙungiyar a 1975, Joe Walsh ya maye gurbinsa da jitar lantarki, kuma in ka sa faifan "Hotel California" na 1976 za ka ga wata ƙungiya ce daban. Mutane da yawa sun fi son ta biyun. Ni dai ta farkon nake so.

Wadda na fi ba ka shawara ka fara nema ita ce "Old Man" ta Neil Young, ita ma 1972, a faifan "Harvest". Young ya sayi gona a Kalifoniya yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya tarar da wani dattijo mai kula da ita, sai ya yi masa waƙa. A Nashville aka ɗauke ta a 1971. James Taylor ne ya kaɗa banjo, amma ba mai tsirkiya biyar da aka saba ba, mai shida ne da aka saita kamar jita. Abin da ya sa nake kai ta gaba shi ne, a nan banjo ba ya gudu. Taku ɗai-ɗai yake yi, busasshe, da tazara tsakanin kowane sauti, jitar ƙarfen Ben Keith kuma tana jan dogon kuka a samansa. Ɗaya na yankewa, ɗaya na miƙewa. Idan akwai waƙar Turawa da mai gurmi zai ji ya gyaɗa kai, ina jin ita ce, domin gurmi ma da tazara yake magana.

Sai "Gallows Pole" ta Led Zeppelin, a faifansu na uku, 1970. Tsohuwar waƙar gargajiya ce ta mutumin da za a rataye, yana roƙon hauni ya dakata ko danginsa za su kawo abin fansa. Lead Belly, baƙar fatar Louisiana, ya riga ya ɗauke ta tun 1939. Su Jimmy Page sun fara da jita zalla, suka riƙa ƙara kayan kiɗa ɗaya bayan ɗaya, gudun yana ƙaruwa. Inda banjon Page ya shigo tare da gangunan John Bonham, nan ne hankali ke tashi. A bakinsu haunin ya karɓi azurfa, ya karɓi zinariya, kuma bai fasa rataye mutumin ba. Banjo da aka sani da kiɗan raha, a nan tashin hankali yake kaɗawa.

Akwai wata da ke rikita masu saurare: "Stop Stop Stop" ta Hollies, 'yan Manchester, 1966. Tony Hicks ya kaɗa banjo aka bi da shi ta na'urar amsa-kuwwa, sai ya fito kamar wani abin kiɗan Girka ko Gabas ta Tsakiya. Kafin a gaya maka, ba za ka ce banjo ne ba.

Sauran zan ratsa su da sauri. "Bluebird" ta Buffalo Springfield, 1967, ta yi ta rugugin jita, a ƙarshe komai ya lafa aka bar banjon Charlie Chin da murya. "Sweet City Woman" ta Stampeders na Kanada, 1971, da banjo take buɗewa, kuma in ta shiga kanka sai ka wuni da ita. Jerry Garcia, wanda ya ƙware a banjo tun kafin a kafa Grateful Dead, ya sa shi a "Cumberland Blues" ta 1970. Doobie Brothers sun ɓoye shi a cikin "Listen to the Music". "Squeeze Box" ta The Who, 1975, Pete Townshend ne ya kaɗa, amma wasa ne kawai, ba na sa ta sahu ɗaya da na sama. A yawancin waɗannan waƙoƙi banjo daddawa ce, kaɗan ake jefawa a miya don ta yi ƙamshin ƙauye.

To ƙauyen wa? Nan ne kashin farko na tambayarka.

Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera banjo a tsibiran Karebiyan cikin ƙarni na 17. Wani likita ɗan Birtaniya, Hans Sloane, ya gan shi a hannunsu a Jamaika wajen 1688, kuma zanensa ya fito a littafinsa na 1707. Thomas Jefferson, wanda shi kansa mai bayi ne, ya rubuta a shekarun 1780 cewa daga Afirka suka zo da shi. Sama da shekara ɗari ba wanda ke kallonsa a matsayin komai sai kayan kiɗan bayi.

Abin ya juya a shekarun 1830. Wani Bature ɗan Virginia, Joel Sweeney, ya koyi kiɗan a wurin baƙaƙen fata, ya shafa baƙi a fuska ya hau dandamali. Zuwa 1843 an kafa Virginia Minstrels a New York, wasan ya zama babbar kasuwa: Turawa su shafe fuska da baƙi, su kwaikwayi maganar bawa da rawarsa, jama'a na dariya, banjo na tsakiyar fili. Har Ingila suka kai shi. Masana'antu suka shiga ƙera shi da ƙarfe. Ka sa kanka a matsayin jikan bawa: abin da kakanka ke kaɗawa da dare don ya rage zafi, shi ne aka mai da tambarin yi maka ba'a. Ba mamaki da yawa suka ajiye shi. Bai ɓace daga hannunsu lokaci ɗaya ba, don a jazz na New Orleans yana nan, Johnny St. Cyr ya kaɗa shi tare da Louis Armstrong a shekarun 1920. Amma a daidai wannan lokaci kamfanonin faifai suka raba kasuwa biyu, ta baƙaƙe daban, ta Turawan karkara daban. Blues da jita suka faɗa ɓangare ɗaya, banjo da gogen Turawa suka faɗa ɗayan.

Wanda ya ƙarasa aikin, ba da mugun nufi ba, shi ne Earl Scruggs na North Carolina. A 1945 ya shiga ƙungiyar Bill Monroe da salon yatsu uku, kowanne da ɗan ƙumba na ƙarfe ko roba, yana zuba sauti da saurin da ba a saba ji ba. "Foggy Mountain Breakdown" ɗinsa na 1949 ya shiga fim ɗin "Bonnie and Clyde" a 1967. Sannan "Dueling Banjos" ta fim ɗin "Deliverance" na 1972 ta kai ta biyu a jerin waƙoƙin Amurka. Ita ma, duk da sunanta na nufin karawar banjo da banjo, banjo ɗaya ne da jita ɗaya ke ja-in-ja, kuma Arthur Smith da ya tsara ta tun shekarun 1950 sai da ya je kotu kafin a sa sunansa. Daga nan duk Ba'amurken da ya ji banjo, Baturen tsaunukan Appalachia yake gani. Samarin da suka yi rock a ƙarshen shekarun 1960 wannan hoton suka gada. Da suka gaji da hayaniyar lantarki suka so komawa ga abin da suke kira tushe, sai suka ɗauko banjo, yawancinsu ba su san tushen ya wuce inda suke zato ba.

Amma zan ja maka kunne a kan abu ɗaya, don na ji yadda ka furta "namu". Kada ka je majalisa ka ce gurmi ne ya haifi banjo. Kama da wane ba ta wane. Yankinmu cike yake da wannan zuri'a: gurmi da molo da garaya a ƙasar Hausa, kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi, ngoni a Mali, xalam a Senegal. Wanda masu bincike suka fi nunawa da yatsa shi ne akonting na ƙabilar Jola a Gambiya da kudancin Senegal, wanda Daniel Jatta, ɗan Gambiya, ya jawo hankalin duniya gare shi. Dalilin a hannu yake: yana da gajeriyar tsirkiya guda da babban yatsa ke bugawa, ɗan yatsa kuma yana sauka kan doguwar da bayan farce. Haka tsofaffin makaɗan banjo suke yi kafin Scruggs, kuma gajeriyar tsirkiyar nan tana jikin banjo har yau, ita ce ta biyar, wadda ke tsayawa a tsakiyar wuya. Duk da haka banjo yana da abin da babu a wajenmu. Wuyansa shimfiɗaɗɗe ne, ba sanda mai zagaye ba, kuma da maɗauran murɗawa ake saita shi irin na jita, ba da zoben fata ko igiya ba. Mutane daga ƙabilu daban-daban ne suka haɗu a gonakin rake, kowa da abin da ya tuna, suka haɗa da abin da suka gani a hannun Turawa. Gurmi ɗan uwansa ne. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa har yanzu Bature kaɗai ke riƙe da shi, shirina ne ya tsaya a tsofaffin faya-fayai. A 2005 an yi taron baƙaƙen fata masu banjo a garin Boone na North Carolina, daga nan ƙungiyar Carolina Chocolate Drops ta fito, ta ci lambar yabon kiɗa ta Grammy a 2011. Rhiannon Giddens ta wannan ƙungiya ita ce ta kaɗa banjon da ke buɗe "Texas Hold 'Em" ta Beyoncé a 2024, waƙar da ta sa Beyoncé ta zama baƙar mace ta farko da ta hau saman jerin waƙoƙin country, wato kiɗan karkarar Amurka, na mujallar Billboard. Saurari wannan buɗewar ka kwatanta da ta Scruggs: tsohon salon ne, na saukar da hannu, mai kauri. Béla Fleck kuma ya ɗauki nasa banjon ya zaga Uganda da Tanzaniya da Gambiya da Mali, ya zauna da Bassekou Kouyaté mai ngoni da Oumou Sangaré, aka yi fim ɗin tafiyar mai suna "Throw Down Your Heart". In za ka kalli abu ɗaya don ka ga dangantakar da idonka, kalli wurin da suka zauna da masu akonting a Gambiya.

Banjo ma ya taɓa dawowa gida ta jirgin ruwa. A Legas cikin shekarun 1930, Tunde King, wanda ake dangantawa da kafa kiɗan juju, da ƙaramin banjo yake jagorantar ƙungiyarsa, kuma da shi aka ɗauki faya-fayansa na farko a 1936, kafin jitar lantarki ta zo ta ture shi, kamar yadda ta yi masa a Eagles shekara arba'in bayan haka.

A gaida Baba da kyau.

Naka,
Mai gabatar da shirin tsofaffin faya-fayai