A wallafa lissafin tallafin ambaliyar Maiduguri

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in tunatar da hukumomi batun Maiduguri. Bayan madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday har da fadar Shehun Borno, gwamnatoci da attajirai sun yi ta shelar gudummawar biliyoyin naira. To, shela ba ta tayar da katangar da ta rushe, kuma duk inda aka ɓoye lissafi, nan ne 'yan siyasa kan cusa sunayen 'yan barandansu a bar masu asarar gaske. Ina kira da a wallafa abin da ya shigo, da waɗanda suka karɓa unguwa-unguwa, da kuɗin kwangilar gyaran madatsar.

Naka,
Mai karatu daga Maiduguri