Zuwa ga aminina da ke nesa

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya aiki, yaya baƙunta? Wani abu ne ya faru a ofis ya tsaya min a rai, na ga kai ne zan iya faɗa wa yadda yake, ba ƙari ba ragi.

Ka san yanzu ni ke riƙe da sashenmu. Watan jiya aka ce in ba da sunan mutum ɗaya da za a tura kwas na mako biyu, irin wanda ake dubawa in lokacin ƙarin girma ya zo. Kowa ya san wadda ta fi cancanta, sai dai ba ta daɗe da dawowa daga hutun haihuwa ba, tana da goyo. Na ce a raina, haba, wa zai ɗora mata tafiya? Na rubuta sunan wani namiji. Wallahi har daɗi na ji, ina ganin na kyauta mata.

Da sunan ya fito ta shigo wurina, ba faɗa ba hayaniya, ta ce: "Ranka ya daɗe, me ya sa ba a tambaye ni ba?" Ashe tun da ta ji labarin kwas ɗin ta gama shiri da mijinta kan yadda za a kula da yaron. Ta ƙara da cewa ko da ba za ta je ba, daga bakinta ya kamata a'a ta fito. Na rasa abin cewa.

Abin da ya fi damuna shi ne maza nawa na tura tafiya jarirai na kuka a gidajensu, ban taɓa tsayawa na yi musu wannan lissafin ba. Ita kuwa na yanke mata hukunci a bayan idonta, na sa masa suna tausayi.

Daren nan na nemo yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 183, ta shekarar 2000. Ta ce hutun haihuwa kada ya gaza mako 14, mace ta koma kujerarta ko makamanciyarta da albashinta, a kuma ba ta lokacin shayarwa cikin sa'o'in aiki. Duk mun cika waɗannan. Albashi ɗaya ga aikin da darajarsa ɗaya ma tun 1951 aka rattaba shi, amma rahoton ƙungiyar na 2018 ya nuna abin da mata ke samu a duniya ya gaza na maza da kusan kashi 20 cikin 100. Da ina ɗauka aikin mugayen shugabanni ne kawai. Yanzu na ga wani ɓangaren giɓin a teburin irina yake buɗewa, kwas ɗaya yau, ƙarin girma ɗaya baɗi.

Na ba ta haƙuri, ta karɓa, amma gurbin ya riga ya tafi. Na sanar a taronmu cewa duk damar da ta zo, kowa za a tambaya baki da baki.

Kai da ka yi shekaru kana shugabantar mutane, ka taɓa yin irin wannan? Ka rubuto min. A gaida mai ɗaki da yara.

Naka a kullum,
Amininka