Aminina, ku dakata da sayen na'urar nan tukuna

Assalamu alaikum aminina,

Ya gida ya yara, ya sanyin Ingila da aikin dare? Mu nan alhamdulillahi, sai zafi da tsadar kaya. Na ji saƙonka tun ranar Juma'a, ban amsa ba ne don maganar ta fi ƙarfin saƙon murya na minti biyu, na ce bari in samu natsuwa in rubuto maka sosai.

Ka ce ku 'yan gida da ke can kun haɗa kuɗi za ku sayo bentileta biyu, na'urar nan da ke yi wa mara lafiya numfashi in ya kasa, ku aiko wa ƙaramar hukumarmu saboda ko wata annoba za ta sake ɓullowa. Allah ya saka da alheri, wallahi na ji daɗi har raina. Amma dan Allah ku dakata ku ji ta bakina, tunda ni nake kwana nake tashi a sha-ka-tafin nan.

Ka san ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka samu korona ta farko a Legas, mu kuma Kano sai 11 ga Afrilu, kafin ka ce kwabo dattawa sun fara faɗuwa, masu haƙa kabari su suka fara faɗin abin da ke faruwa tun kafin hukuma ta yarda. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, da bakinsa ya ce mutum 979 suka rasu, kuma rabi ko fiye da haka akwai alaƙa da korona. A cikin azumin nan, ana tsakiyar dokar kulle, aka kawo min wani dattijo a adaidaita sahu bayan la'asar, 'ya'yansa biyu na riƙe da shi, yana jan numfashi kamar wanda ya yi gudu, leɓensa ya sauya launi. Na san abin da yake buƙata, oksijin ne kawai, kuma ba mu da ko tukunya ɗaya. Wuta babu, janareto babu mai, ruwan da na wanke hannu da shi ma daga wajen 'yan garuwa na saya da kuɗina. Na rubuta musu takardar tura mara lafiya, na tsaya a bakin ƙofa ina kallon adaidaitar nan tana tafiya, washegari da safe na ji sanarwar jana'izarsa a lasifikar masallaci. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. To ka faɗa min, da a ce akwai bentileta a ɗakin nan ranar, wa zai kunna ta, da wace wutar? Kai ma'aikacin jinya ne ka fi ni sani, na'urar nan sai da likitan da ya ƙware da nas mai tsayuwa a kanta dare da rana da wutar da ba ta ƙiftawa. In kun aiko ta, a sito za ta zauna cikin leda ƙura ta rufe ta.

Ni abin da shekarun nan suka nuna min shi ne ba a shirin annoba ranar da ta zo, wanda aka yi tun ana zaman lafiya shi ke aiki. Duba Ebola a 2014. Patrick Sawyer, mutumin da ya shigo da cutar, ya sauka Legas daga Laberiya ranar 20 ga Yuli, Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti duk da matsin da aka yi mata, ita ma cutar ta yi ajalinta, Allah sarki. Gari kamar Legas, kowa ya sa hannu a ka, amma mutum 20 ta kama a ƙasar gaba ɗaya, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an gama. Ba wata na'ura ce ta yi wannan aikin ba, tsarin yaƙi da shan inna aka ɗauko, su Dakta Faisal Shu'aib da mutanen da suka saba bin gida gida, suka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, kullum a je a auna zafin jikinsu har kwana 21. Aikin ƙafa ne da rajista da biro da man mashin.

Kuma mu nan Arewa mun fi kowa sanin yadda aka gina wannan tsarin, da wahala aka gina shi. Tun gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 zukatan mutane suka ƙi yarda, a 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, a 2013 aka harbe mata masu ɗiga rigakafi a cikin gari. Sai da Sarkin Musulmi da sarakuna suka shigo, hakimi ya kira dagaci, dagaci ya kira mai unguwa, limamai suka yi huɗuba, matan unguwa suka riƙa shiga gidan suna suna hira da masu jego, sannan ƙofa ta buɗe har aka kai ga Agustan 2020 aka ce Afirka ta rabu da shan inna na asali. Ni da idona na ga magidancin da ya kore mu sau uku, ranar da mai unguwa ya shige gaba ya yi sallama, da kansa ya fito da yaran.

Abin da ke damuna shi ne muna barin abin nan yana lalacewa. Korona ta lafa kowa ya koma harkarsa, sai ga mashaƙo a ƙarshen 2022 zuwa 2023, Kano ta fi ko'ina shan wuya, cutar da allurar penta ta jarirai ke hanawa. An kawo min wata yarinya wuya a kumbure, na haska maƙogwaronta da fitilar waya na ga farin abin nan ya shimfiɗe, na tambayi uwar katin rigakafi ta sunkuyar da kai ta ce ba a taɓa yi mata ba, sau biyu ta zo aka ce firij ya lalace ta dawo wani satin. Ban iya ganin laifinta ba. Ita kuwa gwamnati, tun 2001 aka zauna a Abuja ƙasashen Afirka suka yi alkawarin kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, har yau ba mu kai ba. Ma'aikata kuma kullum raguwa suke, ba gori nake maka ba aminina, na san abin da ya fitar da kai, amma gurbinka har yanzu ba a cike ba.

Saboda haka in za ku ji shawarata, kuɗin bentileta biyun nan ku raba shi. A sa sola mai ƙarfi a asibitocin mazaɓa ko da uku ne, da firjin rigakafi mai aiki da ita, da ƙaramar na'urar nan mai tace oksijin daga iska da abin auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa. A haƙa burtsatse. Sannan mashin ɗaya mai kyau ga jami'in da ke bibiyar ɓullar cututtuka, don samfurin da ya kamata ya isa ɗakin gwaji yau kar ya kwana uku a kula ƙanƙara ta narke. Kuma ku ware wani abu na gyara, batirin sola yana mutuwa, kar a ƙaddamar a ɗau hoto a watse. Ku sa kwamitin lafiya na mazaɓa da mai unguwa a ciki tun daga farko, su za su tsare kayan.

Ka karanta musu wannan a zamanku na gaba, in sun amince zan zagaya asibitocin ranar Asabar in ɗauko muku hotuna da farashin kowane abu daga masu haɗa sola. Na biya ta wajen Hajiya shekaranjiya, ƙafar da sauƙi sosai, ta ce in ce maka ka riƙa kira da wuri kafin ta kwanta. Ka gaida uwargida da yara.

Naka har kullum,
Amininka