Wasiƙa ga Ummi kan furannin okid ɗinta da suka lalace

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummi, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya ke da maigidanki, hotunan da kika turo sun iso, na kuma dube su da kyau. Kin ce cikin tukwane uku biyu sun tafi, ɗaya na jinya, har kina tunanin ko hannunki ne bai karɓi shuka ba. Ba daga hannu ba ne. Kin riƙe okid, wannan shukar ado mai fure, irin riƙon da ake yi wa zogale ko lalle, shi kuwa ba haka rayuwarsa take ba.

Irin naki mai faffaɗan ganye, da fure kamar malam-buɗe-littafi, sunansa Phalaenopsis. Asalinsa dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, wajajen Filifin da Indunusiya, kuma a can jikin bishiya yake maƙalewa, sai dai ba ya tsotsar ta kamar kauci. Saiwarsa a fili take, ruwan sama ya jiƙa ta, iska ta busar. A jikin saiwar akwai wata riga kamar soso: idan ta sha ruwa sai ta yi kore, idan ta bushe sai ta koma fari-fari kamar azurfa. Ita za ki riƙa duba kafin ki ɗauki buta.

Tukunyar farko baƙar ƙasa da takin gida da kika juye mata ne suka kashe ta. Saiwar ta rasa iska ta ruɓe. Abin da ke rikita mutane shi ne, da zarar saiwa ta ruɓe ganye ba ya samun ruwa, sai ya yi yaushi ya yamutse tamkar mai ƙishi. Mai shi ya tausaya ya ƙara ruwa, ya ƙarasa abin da ya rage. Duk ranar da kika ga ganye ya yi laushi alhali tukunyar da danshi, ki zare shukar ki matsa saiwar. Mai rai za ki ji ta da tauri. Matacciya launin ƙasa-ƙasa ce, luɓus, rigarta na zamewa ta bar miki zare a hannu.

Abin da za ki zuba a tukunya shi ne ɓawon kwakwa da aka yayyanka kamar ɓarin goro, kashi 2, gawayin itace kashi 1, tsingaro kashi 1. Ɓawon ki jiƙa shi kwana 3 kina sauya ruwan kullum, domin yana ɗauke da gishiri. Gawayin ki wanke, kada toka ta bi shi. Tukunyar ta zama ƙarama, faɗin santimita 12 ya ishi babbar shuka, da huda a gindi da gefe. Babbar tukunya tsakiyarta ba ta bushewa. Wannan ta ado mai sheƙi da ba ta da huda kuwa, idan dole sai kin sa ƙaramar a cikinta, ki riƙa fito da ita lokacin ban ruwa, ta tsane sarai sannan ki mayar. Ki kuma tona tsakiyar duk wadda kika sayo. Masu raino sukan bar dunƙulen wani gansakuka a can ciki, sama ta bushe shi yana jiƙe har mako biyu.

Ta biyu, wadda ganyenta na tsakiya ya yi baƙi ya zare da kika taɓa, ruwa ne ya kwana a zuciyarta. Wannan irin wuri guda kawai yake toho. A daji a karkace yake rataye, ruwa ba ya zama a lungun ganye, mu ne muka miƙar da shi tsaye a tukunya. Don haka ban ruwa da safe ake yi, a kan ɓawon, ba a kan ganye ba. Idan ruwa ya shiga tsakiya, ki murɗa takardar tishu ki tsotse shi. Idan kin ga baƙi ya soma, ki ɗiga haidurojin feroksaid mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, na kyamis, ya yi kumfa, ki tsane. In ba ki zubar da tukunyar ba tukuna, ki dakata. Matuƙar saiwar na da rai, takan fitar da ɗa daga gindi bayan watanni.

Maganar "sau ɗaya a mako" da ake yawan faɗa ba ta aiki a Kano. A Agusta tukunya kan yi kwana 7 zuwa 10 ba ta bushe ba, a hunturu da bazara kuwa kwana 3 sun isa. Ki soka tsinken tsire a tsakiya, ki bar shi minti 10, ki zare ki taɓa a kumatu. Idan da sanyin danshi, ki bari sai gobe. In za ki ba da ruwa ki ba da sosai, har ya zubo ta ƙasa. Ruwan sama ya fi, amma ki bar na farko ya wanke kwanon rufi kafin ki tara. Na rijiya ko na 'yan garuwa, idan kin ga farin gari na taruwa a bakin tukunya, ko kan saiwa na yin baƙi, gishiri ya yi yawa. Ruwan tankin sama da ya sha ranar Afrilu yana dafa saiwa, na firiji kuma yana gigita ta. Masu cewa a ɗora ƙanƙara ki bar su da abinsu.

Shukar ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 30, ga shi mu nan a Afrilu da Mayu muna haura 40. Ki ajiye ta a tagar gabas bayan labule mara kauri, ko baranda mai inuwa, nesa da zafin kwano da daɓen siminti. Rana ɗaya ta azahar ta isa ta yi wa ganye farin tabo, daga baya ya yi baƙi ya bushe. Irin wannan ba ya yaɗuwa, ba sai kin yanke ba. Wanda ke yaɗuwa shi ne tabo mai ruwa-ruwa da wari, yawanci da damina: ki yanke shi ranar da kika gani, ki shiga lafiyayyen ganye da santimita 2, ki barbaɗa garin kirfa a bakin yankan. Kirfa a ganye kaɗai, a saiwa busar da ita take yi.

Hunturu yana da fuska biyu. Bushewar iska da ƙura suna jawo wasu ƙwari ƙanana da ido bai cika gani ba, su tsotse bayan ganye har ya yi fari-fari. Ki goge ganyen da jiƙaƙƙen tsumma duk mako, ciki da baya, ki ɗora tukunyar kan faranti mai tsakuwa da ruwa, ba tare da gindinta ya taɓa ruwan ba. Amma sanyin daren Disamba da Janairu, idan ya sauko wajen digiri 15 zuwa 18 na 'yan makonni, shi ne ke sa ta fitar da sandar fure. Kada ki kulle ta a ɗaki mai ɗumi don tausayi, sai dai idan dare ya yi tsananin sanyi.

Furen da kika ce ya zube tun bai buɗe ba, na hango dalili a hoton: kwandon ayaba na gefensa. 'Ya'yan itace masu nuna, ayaba, mangwaro, har tumatir, suna fitar da wata iska da ke tsufar da fure. Haka hayaƙin janareta da iskar na'urar sanyaya ɗaki idan tana bugun shi kai tsaye. Na san amarya da turaren wuta ba a raba su, amma ki fitar da tukunyar kafin ki hura kasko.

Takin buhu na masara, NPK 15-15-15 ko yuriya, kada ya kusance ta. Ki nemi mai narkewa a ruwa, 20-20-20, rubu'in ƙaramin cokali a lita 4, duk bayan mako 2, kuma sai kin fara jiƙa saiwar da ruwa zalla.

Ga abin da za ki yi wa ta ukun. Ki zare ta, ki wanke saiwar, ki yanke matattun da sabuwar reza. Kowace shuka da rezarta, ko ki gasa almakashi a wuta, don akwai cututtukan bairos da ke bin ƙarfe kuma ba su da magani. Saiwoyin da suka fito waje suna lilo ki ƙyale su, lafiyarsu lau. Sandar furen ki yanke daga gindi, ba ta da ƙarfin ɗaukarta yanzu. Wannan farin abu kamar auduga a lungun ganye ƙwaro ne: ki goge da sifirit a auduga, ki maimaita duk mako har sau 3. Ki bar ta ta sha iska ta kwana, ki dasa a sabon haɗin, ki ɗaure ta da tsinke kada ta yi motsi, ki jira kwana 3 kafin ruwan farko. Ba taki sai kin ga kan sabuwar saiwa ya leƙo kore, kuma hakan kan ɗauki wata ɗaya ko biyu.

Idan za ki ƙara saye, ki tambayi irin okid da ake kira Dendrobium, ya fi jure zafi da haske, sai ki ware shi mako 3 kafin ya haɗu da ta gida. Ki turo mini hoton saiwar bayan kin wanke, kafin ki sa reza.

Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Ki gaida maigidan. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki.