Daga Tokyo, Kan Koyon Go a Gaban Gwanaye

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Saƙonka ya iso, har da tsiyar da ka yi mini cewa an turo ni Japan karatu na ɓige da dara. Na ji, Allah ya ba mu alheri. Amma tunda ka ce babban yaronka ya fara taɓa wasan a waya kuma kana son sanin yadda ake koyonsa, bari in ba ka labarin a tsanake.

Ƙa'idojin Go ba su da yawa. Allo ne mai layi 19 a tsaye da 19 a kwance, mahaɗarsu 361, kuma a kan mahaɗar ake ajiye ɗa, ba a cikin gida ba. Ɗaya na riƙe da baƙaƙe, ɗaya farare. Ɗa in ya sauka ba ya ƙara motsi, sai dai a cinye shi idan an toshe masa duk kafofin numfashi, wato mahaɗun da ke maƙwabtaka da shi a kan layi. Wanda ya kewaye fili mafi yawa shi ya ci. Baƙi ke farawa, don haka a nan ake ba fari maki shida da rabi, rabin kuwa don kada a yi kunnen doki. Kafin shayi ya huce yaro ya haddace wannan. Sanin inda za a ajiye ɗan ne ke cinye shekaru.

Ƙwararrun wasan a nan sana'arsu ke nan, da ita suke ci suke sha. Babbar ƙungiyarsu Nihon Ki-in, wadda aka kafa a 1924, tana unguwar Ichigaya, kuma akwai wata a Osaka mai suna Kansai Ki-in. Ba duka ne ke samun kuɗin gasa ba, saboda haka da yawansu koyarwa ce ke riƙe da su. Ni a wani ɗan zauren wasa nake zuwa, a saman bene kusa da tashar jirgin ƙasa, inda yawancin masu zuwa tsofaffi ne da suka yi ritaya. Wata ƙwararriya ke zuwa mana a ƙarshen mako, ka biya ka yi wasan koyo da ita.

Ga yadda abin yake. Ana jera alluna huɗu, mu muna zaune, ita tana tsaye tana zagayawa. Kowa zai fara jera 'ya'yan rangwame gwargwadon ƙarfinsa: ni tara nake sawa kafin ta ajiye ko ɗaya, dattijon da ke gefena biyar. A sunkuyar da kai a gaisa, sai a fara. Tana ɗaukar ɗa tsakanin manuniya da ɗan yatsan tsakiya, ta ajiye shi ƙwas, ta wuce allo na gaba ba ta ko waiwaya. Kai kuma ka zauna kana zufa.

Da ta ga dama, da kowa ta watsa masa allo tun da wuri. Ba ta yin haka. Kowane ɗa da za ta ajiye tambaya ce: ka ga raunin nan? Za ka kare, ko za ka bi ni? In ka amsa daidai ta ba ka haƙƙinka ta koma wani wuri. In ba ka gani ba ta ɗan ƙara matsawa, daidai yadda za ka ji zafin amma ba za ka mutu ba. Wannan auna hannun shi ne gwanintar, kuma ba kowane mai ƙarfi ke da shi ba. Akwai wani a zauren da ya fi mu nesa ba kusa ba, amma in ka zauna da shi sai dai ya yi maka kaca-kaca ka tashi ba ka ƙaru da komai ba.

Karatun gaske sai an gama wasa. Takan share allon da hannu, sannan ta sake jera wasan tun daga ɗan farko, daga ka, ba takarda. Ka tuna fa alluna huɗu take bi a lokaci guda. Ranar nan na tsaya ina kallon tana yi wa dattijon nan bita. Ya sha wahala wajen ceto 'ya'yansa uku da ta tsare, ya kuwa cece su, yana ta murna. Ta jera har zuwa wurin, ta tsaya, ta ce masa, ukun nan in an cinye su maki nawa ne? Ya ce shida. Ta nuna gefen allon da ta gine yayin da yake gudun ceto, ta ce nan fa? Ya fara ƙirga da yatsa, bai kai ƙarshe ba ya dafe kai yana dariya. Ba ta ce masa ya yi kuskure ba. Ta bar shi ya ƙirga da kansa.

Na tuna majalisarmu ta ƙofar gida. A dara in an cinye ka sai shewa, a ce tashi ka ba wani, kuma gwani ba ya faɗa maka sirrinsa, sai dai ka sata da ido. A nan ko manyan ƙwararru, bayan sun yini suna fafatawa a kan kambu, sukan zauna su biyu su warware wasan tare, wanda ya ci da wanda aka ci. A ganina wannan al'adar ce ta sa ilimin ya taru bai watse ba.

Kuma tsohuwar al'ada ce. Tun 1612 Tokugawa Ieyasu, mai riƙe da mulkin Japan a lokacin, ya yanka wa gwanin Go Honinbo Sansa albashi saboda wasan, daga baya aka samu gidaje huɗu, Honinbo da Inoue da Yasui da Hayashi, kowanne na renon almajiransa, suna karawa a fadar shugaba. Ana rubuta wasannin ɗa bayan ɗa, shi ya sa har yau malamarmu ke sa mu jera wasannin Honinbo Shusaku, wanda ya ci 19 a jere a fadar ba a kayar da shi ba, ya rasu a 1862 yana da shekara 33. Ta ce ko ba ka gane dalilin kowane ɗa ba, hannunka zai saba da kyakkyawar siffa.

A ƙarnin da ya wuce wani ƙwararre a nan Japan, Kitani Minoru, ya mai da gidansa makaranta, yara na kwana suna tashi a wurinsa, matarsa na ɗawainiya da su. Cho Chikun yana da shekara shida aka kawo shi daga Koriya a 1962, ya zama ƙwararre yana da sha ɗaya. A Koriya kuma Cho Hunhyun ya ɗauki Lee Changho ya zauna a gidansa a 1984, zuwa 1990 yaron ya fara ƙwace kambu daga hannunsa, su kara da rana su koma gida ɗaya da dare. Ina jinjina musu, amma ba na ɓoye maka, abin na ɗan sosa mini rai. Waɗanda suka yi suna ake ba da labarinsu. Akwai yaran da suka ba da ƙuruciyarsu kaf, jarrabawar zama ƙwararre ta ƙi su, don 'yan ƙalilan ake ɗauka a shekara. Ba wannan hanyar nake yi wa ɗanmu sha'awa ba.

Na san abin da za ka ce: ai kwamfuta ta gama da su. Gaskiya ne. A Maris 2016 manhajar AlphaGo ta ci Lee Sedol, babban ƙwararren Koriya, huɗu da ɗaya a Seoul, a 2017 ta ci Ke Jie na Sin uku ba ko ɗaya, kuma da Lee Sedol zai ajiye wasa a 2019 ya ambaci wannan cikin dalilansa. Yanzu ƙwararrun kansu a wurin manhaja suke ɗaukar karatu. Shiga kusurwa da wuri ta mahaɗar uku da uku, wato inda layi na uku daga kowane gefe suka haɗu, wanda a da malami zai yi maka faɗa a kai, ya zama ruwan dare. Akwai ma wata manhajar, KataGo, kyauta ce, kowa na iya saukewa. Sai dai ita lamba take ba ka. Za ta ce nan ka yi asarar maki huɗu, ga inda ya kamata. Wurin da ta nuna kuwa ba ya da amfani sai ga wanda zai iya hango ɗa ashirin a gaba. Malamarmu takan ce, manhaja nan take so, amma kai sa nan, shi za ka iya riƙewa. Ta san inda idona ya tsaya, ta san ni mai tsoron faɗa ne, dattijon kuma mai rowar 'ya'ya, kowa da maganin da take ba shi.

Game da yaron, kada ya fara da babban allo. Ya yi ta wasa a ƙaramin mai layi tara, a ci shi ya ci, har ya daina jin ciwon faɗuwa. Kullum ya warware 'yan matsalolin rai da mutuwa, masu sauƙi, waɗanda ke koya wa mutum yadda rukunin 'ya'ya ke yin ido biyu, wato gurabe biyu daban a cikinsa da ba za a iya toshewa ba, ya rayu. Ya buɗe asusu a OGS, shafin wasan Go a intanet, ta burauza ake shiga, ba a biya. Duk wasan da ya gama da wanda ya fi shi, ya roƙi a nuna masa wuri ɗaya ko biyu, kada ya wuce haka, in sun yi yawa ba ya riƙe ko ɗaya. Manhajar kuwa ya ɗan jinkirta mata.

Ni ma zan iya yi masa bitar, gwargwadon ɗan abin da na samu. Mun riga ku da awa takwas, saboda haka in ya shiga bayan azahar ranar Asabar zai same ni ban kwanta ba. Ka turo mini sunan da ya yi rajista da shi.

Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a. A gai da 'yan majalisa baki ɗaya.

Wassalam,
Naka amini