Faɗuwar suga da ake ɗauka maye ne

Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya sami yayana. Direban tirela ne, shekararsa 54, yana fama da ciwon suga irin na manya, wanda likitoci ke kira nau'i na biyu.

Da asuba aka bugo mini waya daga garejin da suke kwana, wai in zo in kwashi ɗan'uwana, ya bugu. Na tarar da shi jingine da taya, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf duk da sanyin Jos, hannu na rawa, harshe ya karye. Yaran mota kuwa sai dariya suke yi. A asibiti aka soki yatsarsa, na'ura ta nuna 41. Ma'aikaciyar jinya ta ce duk abin da ya gaza 70 faɗuwar suga ce. Kafin ruwan da aka ɗaura masa ya kai rabi ya buɗe ido ya kira sunana.

Likita ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Idan ciki babu abinci, hanta ce ke sako suga cikin jini. Giya na shiga sai hantar ta shagala da tace ta, ta bar wancan aikin. Ga shi kuma ƙwayar da yake sha, glibenclamide, aikinta sauke suga. Shi ko ya kwankwaɗi gogoro da daddare bai ci tuwo ba. Faɗuwar tana iya jinkiri har washegari, mutum na barci.

Abin da ya fi ƙona mini rai, shekara 6 yana zuwa ganin likita, duk sanda aka tambaye shi ko yana sha sai ya ce a'uzubillahi. Haramcin giya malamai sun gama bayaninsa, ba ni zan ƙara ba. Amma likita ba alƙali ba ne, da ya san gaskiya da ya duba ko wannan ƙwayar ta dace da shi. Ni ma da laifina, na daɗe ina jin warin a bakinsa ina kau da kai don yaya ne.

Ina roƙon shafinku na lafiya ya nemo likita ya yi wannan bayani da Hausa, har da kwalaben ɗacin nan na tasha da ake cewa maganin basir ne alhali da giya a ciki. Yaya dai ya tuba, alhamdulillahi. Yanzu rigimarmu a kan lemon malt ce, kwalba biyu yake shanyewa a zama ɗaya, wai ai ba giya ba ce.

Naku,
Wani makaranci daga Anguwan Rogo, Jos