Ɗan Shanghai da Ya Yi Suna a Warsaw

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya sanyin Warsaw, ya karatu? Nan kowa lafiya lau, sai zafi.

Tunda ka ce yanzu har sauraren piyano kake zuwa, to ka nemi kiɗan wani mutumin Sin, Fou Ts'ong. A garin da kake zaune ya yi suna. A gasar piyano ta 1955 mai ɗauke da sunan Chopin, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Poland, shi ya zo na uku, aka kuma ba shi kyauta ta musamman a kan mazurka. Ita mazurka asalinta rawar mutanen karkarar Poland ce, amma saurayi ya taso daga Shanghai ya zo har gida ya kayar da 'yan gida.

Ni kam uban ne ya fi tsaya mini a rai. Fu Lei, mai fassara littattafan marubucin Faransa Balzac daga Faransanci, mutum ne mai zafin hannu. Cire yaron ya yi daga makaranta, ya riƙa kwafa masa darasi da hannunsa, ga tsawa ga duka. Sai da ɗan ya bar gida a 1954 jikinsa ya yi sanyi. Ya kama rubuta masa wasiƙu, tun a na farko-farko yake neman ya yafe masa. Iyaye nawa ka sani da za su iya furta wannan?

Daga nan siyasa ta shiga tsakani. Gwamnati ta sa wa uban tambarin mai adawa, shi kuma ɗan ya tsere Landan a ƙarshen 1958, a gida aka riƙa kiransa maci amana. A watan Satumbar 1966, bayan matasan juyin juya halin Mao, shugaban Sin na lokacin, sun kutsa gidansu sun ci musu mutunci, uban da uwar suka rataye kansu. Tun da ɗan ya tsere ba su sake ganinsa ba. Sai a 1979 ya taka ƙasar Sin, lokacin da aka wanke sunan mahaifinsa. Wasiƙun nan an buga su littafi a 1981, har yau ana karantawa a can.

Shi ma Fou Ts'ong ya rasu a Landan a Disambar 2020, cutar korona, yana da shekara 86.

Jiya na biya ta wajen Baba, yana ƙorafin wai sai dai ka turo saƙon murya ta wayar ƙannenka. Ka kira shi da kanka ranar Juma'a bayan an sauko. Su Hajiya suna gaishe ka.

Naka har kullum,
Abokinka